Katin darussan faɗuwar Sarkin Rasha: ya ci kuɗinsa, amma sai an gyara masa jeri da darasi na 8

Tun farkon shekarar karatun nan wani katin memori ke yawo a hannun ɗaliban kwaleji da na lise a Damagaram. Masu tura waƙa da fim a waya ne ke sayar da shi, a rumfunan gefen Kasuwar Dole da wasu na Zango da Sabon Gari. Abin da ke ciki darussan tarihi ne na saurare guda 14 da Hausa, a kan yadda ra'ayin gurguzu ya taso a Turai, yadda ya shiga Rasha, da yadda sarautar gidan Romanof ta faɗi a 1917. Biyun ƙarshe sun tsallaka Habasha, inda sojoji suka tuɓe Haile Selassie a 1974. Murya biyu ce a ciki: wani malami mai bayani a natse, da wani saurayi da ke katse shi da tambaya, Malam kaza, Malam kaza. Ana haɗawa da ɗan littafin fotokofi mai shafi 24.

Mu da muke koyar da wannan babi a aji, ra'ayinmu shi ne a saya. Da wuya a sami bayanin wannan tarihi da Hausa mai daɗin ji kamar wannan, kuma yaron da ya haddace shi da Faransanci ba tare da ya gane ba zai sami inda zai dafa. Sai dai katin yana barin mai saurare da fahimta guda da ba daidai ba, wadda muke ta gani a takardun ɗalibai: cewa Lenin, jagoran ƴan gurguzun da suka karɓi mulki daga baya, shi ne ya tumɓuke sarki. Ba shi ba ne. Ranar da sarki ya sauka Lenin yana birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. Abu biyu ne suka haddasa wannan ruɗani, ɗaya daga masu turawa, ɗaya daga malamin kansa.

Mu fara da na masu turawa, tunda shi ya fi sauƙin gyara.

Kati da darussa da littafi jikka biyu da rabi ake cewa, wato sefa 2,500, kuma ana ragi. In kana da katinka, tura darussan kaɗai dala ɗari ne. Littafin in ka ba da a buga maka a dala biyar kowane shafi, dala 120 ke nan. Darussan ba su da nauyi. Kowane minti ɗaya kusan rabin mega ne, dukansu kuma wajen awa shida ne, saboda haka ba su kai mega 200 ba. Duk wanda ya ce sai ka sayi kati mai giga 16 ko 32 kafin su shiga, ciniki yake nema. Mai giga 2 ya isa har da saura. Manyan katunan masu araha ma su ne suka fi ba da matsala, don da yawansu girman da aka rubuta a jiki ba shi ne na gaskiya ba. Kwamfuta za ta nuna komai ya shiga, sai ka je gida ka tarar fayilolin ƙarshe ba sa buɗewa. Kafin ka bar rumfar, sa katin a wayarka, buɗe darasi na 14, ja shi zuwa mintin ƙarshe ka ji ko yana magana. In ka ga wasu fayiloli masu alamar ƴar kibiya waɗanda ba na sauti ba ne, kwamfutar mai turawar tana da ƙwayar cuta. Kada ka sa katin a wata kwamfutar sai an goge su.

Babbar matsalar ita ce sunayen. An sa musu Darasi 1, Darasi 2, har zuwa Darasi 14, ba sifili a gaba. Ƙananan wayoyi masu madanni da akasarin rediyoyin da ke cin kati ba ƙirga suke ba, harafi-harafi suke bi, don haka jerin sai ya zama 1, 10, 11, 12, 13, 14, sannan 2. Darasi na 1 a kan Karl Marx yake, na 10 kuma a kan ƙwace mulkin da Lenin ya yi ne. Yaro yana kwance da abin ji a kunne, ya gama jin Marx, sai kawai ga Lenin a kan mulki, ga kisan sarki a darasi na 11, kamar abu ɗaya ne ya haifi ɗaya kai tsaye. Shekarun da ke tsakani sai daga baya za su zo, lokacin barci ya ɗauke shi. Gyaran: a canza sunayen zuwa 01, 02, har 09. Wasu rediyoyin ko sunan ba sa dubawa, abin da aka fara zubawa a kati shi suke fara karantawa. Ga irin waɗannan sai a kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, a goge katin tas, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya bisa tsari. Aikin minti goma ne, kuma mai turawa zai yi maka in ka tsaya a kansa.

Sautin yana fita sarai, in ban da darasi na 6 da na 7 da aka ɗauka kusa da injin wuta. A abin ji na kunne ana jurewa. A lasifikar waya, in fada ta cika ana shan shayi, rabin maganar ɓacewa take.

Darasi na 1 da na 2 sun yi abin da ya kamata ba tare da jan rai ba: masaƙun Ingila, yara a bakin inji, awa goma sha biyu ko fiye a rana, takardar da Marx da Engels suka fitar a 1848, watanni biyun da ma'aikatan Paris suka riƙe birninsu a 1871, da yadda jam'iyyar ƴan gurguzu ta Jamus ta zama mafi yawan kujeru a majalisa a 1912. Malamin ya kawo abin da littattafan aji kan tsallake, cewa Marx ƙasashe masu masana'antu ya sa wa ido, ba ƙasar manoma irin Rasha ba.

Inda katin ya fi ƙarfi darasi na 3 ne, a kan ƙasa. A ƙidayar 1897 mutanen daular sun kai wajen miliyan 125, fiye da kashi uku cikin huɗu manoma. Kafin 1861 miliyoyinsu a ɗaure suke da gonakin masu sarauta, ba su da ikon tashi. Sarki Alekzanda na Biyu ya ƴanta su a wannan shekara, amma ƙasar ba kyauta aka ba su ba. Gwamnati ta biya iyayen gijin, ta ɗora wa manoma bashin da za su yi shekara 49 suna biya. Gonar kuma ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙauye ce, ana sake rabawa lokaci-lokaci gwargwadon yawan gida. Saurayin ya yi tambayar da duk ɗan manomi zai yi, wato wa zai wahala ya kai taki gonar da baɗi za a iya ba wani. Malamin ya tsaya a kan wannan kusan minti biyar, ya haɗa shi da yawan haihuwa, da ƙanƙancewar rabon kowane gida, da yunwar 1891. Wanda ya ji wannan darasi ba zai sake mamakin abin da ya sa sojoji suka riƙa gudu daga fagen yaƙi a 1917 don kada a raba gonaki ba sa nan ba.

Na 4 da na 5 sun bi ƴan bokon da suka fara juya wa sarauta baya: waɗanda suka kashe Alekzanda na Biyu da bam a 1881, rataye wan Lenin da aka yi a 1887, kafa jam'iyyar ma'aikata a Minsk a 1898, da rabuwarta a taron 1903 zuwa Bolshebik na Lenin da Menshebik na Martof. An bayyana saɓanin da kyau. Lenin yana son ƙaramar jam'iyya ta waɗanda suka ba da rayuwarsu ga aikin, Martof yana son a buɗe ƙofa. Giɓin da ke nan shi ne jam'iyya ta uku, ta ƴan gurguzun manoma da ake taƙaita sunanta da SR, ba ta samu ko minti biyu ba, alhali ita ce ta fi kowa jama'a a karkara. Wannan giɓi zai dawo ya ciji darasi na 10.

Na 6, duk da ƙarar injin, ya kyautu. Kashin da Rasha ta sha a hannun Japan, harbin masu kai kuka fadar sarki a Janairun 1905 ƙarƙashin jagorancin wani limamin coci mai suna Gapon, boren matuƙan jirgin ruwan Potemkin, majalisar ma'aikata ta farko a babban birni, da alkawarin da Sarki Nikolas na Biyu ya yi a Oktoba na kafa majalisar dokoki, Duma, wadda ya riƙa rushewa da zarar ta ɗaga murya. Na 7 ya ɗauki yaƙin 1914: mutum wajen miliyan 15 da aka ɗiba soja, tafiyar sarki da kansa ya karɓi jagorancin runduna a 1915, wanda ya sa duk kashin da aka sha ya koma wuyansa. Minti takwas ɗin da aka ba Rasputin, mai da'awar warkarwa da ya sami faɗa a ji a gidan sarki, sun yi yawa. Labarin yana da daɗi, yara suna son sa, amma an kashe mutumin a Disamban 1916 kuma layin burodi bai ragu ba.

Sai darasi na 8, wanda shi ne zuciyar babin, kuma shi ne mafi gajarta, minti goma sha ɗaya. Malamin ya ce an yi zanga-zanga, sojoji sun bi jama'a, sarki ya sauka, ya garzaya ga dawowar Lenin. A darasi na 10 kuma ya yi magana kamar sarki yana cikin Fadar Hunturu, fadar sarakuna ta babban birni Petrograd, daren da Bolshebik suka shige ta. Ministocin gwamnatin riƙon ƙwarya da aka kafa bayan saukar sarki ne a ciki. Nikolas ya yi kusan wata takwas da sauka, yana tsare a Tobolsk ta Siberiya. Ga abin da ya kamata malami ko babban yaya ya cike wa mai saurare, da ranakun tsohuwar kalandar Rasha.

Hatsi akwai shi a ƙasar. Abin da ya lalace hanyar kai shi birni ce. Jiragen ƙasa sun koma ɗaukar soja da harsashi, sanyin wannan shekara ya tsananta, injuna da yawa sun tsaya. Manomi kuma ya ƙi sayarwa, don gwamnati ta ƙayyade farashi, kuɗin takarda sun zube, ba abin da zai saya da su. A Petrograd mata kan kwana a layin burodi. Ranar 22 ga Fabrairu masana'antar ƙarfe ta Putilof ta rufe ƙofa ta bar dubban ma'aikata a titi. Ranar 23, ranar mata ta duniya, matan masaƙun unguwar Biborg suka ajiye aiki, suka bi masana'antun maƙwabta suna fito da maza. Zuwa 25 masu yajin aiki sun haura 200,000. Sarki yana hedikwatar soja a Mogilef, ya bugo waya ga kwamandan birnin, Janar Habalof, cewa gobe a kawo ƙarshen hargitsin. Ranar 26, Lahadi, sojoji suka yi harbi, aka kashe mutane da dama a dandalin Znamenskaya.

Daren nan ne al'amarin ya juya, kuma a bariki ya juya. Sojojin da ke birnin sun haura 150,000, akasarinsu sababbin ɗauka ne, ƴaƴan manoma, a cunkushe, suna jiran a tura su fagen da suka san ana mutuwa. Waɗanda suka yi harbi da rana suka kwana suna maganar abin da aka sa su. Da safiyar 27 rundunar Bolinski ta kashe hafsanta ta fito titi, sauran barikoki suka bi, aka fasa rumbunan makamai da gidajen yari. Kafin dare ba wanda zai ba da umurni a Petrograd a bi. A gini ɗaya, Fadar Tauride, hukuma biyu suka tsiro a rana ɗaya: kwamitin ƴan Duma a wani ɓangare, majalisar wakilan ma'aikata da sojoji, wato sobiyet, a ɗaya ɓangaren. Ranar 1 ga Maris sobiyet ta fitar da umurninta na farko: kowace runduna ta zaɓi kwamiti, makamai su koma hannun kwamitin, kuma kada a bi umurnin Duma in ya saɓa wa na sobiyet. Sarki ya kamo hanyar gida a jirgin ƙasa, aka tare layin, ya ɓulle Pskof. Babban hafsansa Janar Alekseyef ya tuntuɓi kwamandojin fagen yaƙi, suka ba da shawarar ya sauka. Ranar 2 ga Maris, a cikin jirgin, ya yi murabus, shi da ɗansa Aleksei mai ciwon rashin tsayawar jini, ya miƙa wa ƙanensa Mika'il. Washegari Mika'il ya ƙi karɓa. Sarautar da ta faro a 1613 ta ƙare cikin kwana tara.

A waɗannan kwanaki Lenin yana Suwizalan, Trotski yana Amurka, Stalin yana zaman kora a Siberiya. Ƴan Bolshebik a duk ƙasar ba su kai 30,000 ba, kuma sobiyet ɗin farko Menshebik da SR ne suka jagorance ta. Wannan ba ya nufin ra'ayin gurguzu bai yi aiki ba. Shekarun da aka yi ana raba takardu a ɓoye a masana'antu, da darasin 1905, su suka sa ma'aikata suka san abin da za su kafa da zarar ƴan sanda sun ɓace. Amma abin da ya kayar da sarki yunwar birni ce, da sojan da ya ƙi harbi, da janar-janar ɗin da suka zame. Ɗalibin da ya riƙe wannan zai iya amsa tambayar da ta fi fitowa a jarrabawa, wato bambancin juyin Fabrairu, da ya kayar da sarki, da na Oktoba, da Bolshebik suka ƙwace mulki. Wanda ya dogara da katin kaɗai zai cakuɗa su.

Littafin fotokofin ya ƙara dagula lissafin a shafi na 9. Rasha a lokacin tana bin tsohuwar kalanda, wadda ke bayan ta sauran Turai da kwana 13. Teburin ranakun ya ɗauko wasu daga tsohuwa, wasu daga sabuwa, bai faɗa ba. Sai ka ga zanga-zangar mata 8 ga Maris, murabus ɗin sarki kuma 2 ga Maris, kamar ya sauka kafin a fito. A ɗauki bik a raba shafin gida biyu, kamar yadda ake rubuta ranar Musulunci da ta boko a kan wasiƙa ɗaya: 23 ga Fabrairu ita ce 8 ga Maris, 2 ga Maris ita ce 15 ga Maris, dawowar Lenin 3 ga Afrilu ita ce 16, 25 ga Oktoba ita ce 7 ga Nuwamba. Daga Fabrairun 1918 matsalar ta ƙare, don an kwana 31 ga Janairu an tashi 14 ga Fabrairu. A jarrabawa ko wacce ka ɗauka daidai ne, muddin ka tsaya a kanta.

Darasi na 9 ya dawo da martabar katin. Ya nuna yadda gwamnatin riƙon ƙwarya, ta Yarima Lbof sannan ta Kerenski, ta ci gaba da yaƙi ta kuma ɗage rabon ƙasa, yadda farmakin watan Yuni ya watse, da yadda yunƙurin juyin mulki na Janar Kornilof a ƙarshen Agusta ya sa gwamnati da hannunta ta raba wa ma'aikata bindigogi. Zuwa Satumba Bolshebik sun yi rinjaye a sobiyet ɗin Petrograd da na Mosko. An yi bayanin dalilin a sauƙaƙe: su kaɗai ne suka ce a tsayar da yaƙi yanzu, a ba manomi ƙasa yanzu.

Abin da na 10 ya ɓoye, ko ya manta, zaɓen majalisar tsara mulki ne na Nuwamban 1917. Bolshebik sun sami wajen kashi ɗaya cikin huɗu, SR ta fi su nesa ba kusa ba. Majalisar ta zauna rana ɗaya a Janairun 1918, aka kulle ƙofarta. Ba a fahimtar yaƙin basasar da ya biyo baya in ba a san wannan ba. Na 11 da na 12 sun faɗi sulhun Brest-Litobsk da aka yi da Jamus a Maris 1918, kisan Nikolas da matarsa da ƴaƴansa biyar da hadimai huɗu a Yekaterinburg a daren 16 zuwa 17 ga Yulin 1918, ƙwace hatsi daga manoma, yunwar 1921 da ta ci wajen mutum miliyan 5, da kafa Tarayyar Sobiyet a Disamban 1922. A nan malamin bai yi son kai ba, ya faɗi alkawarin ya faɗi abin da aka gani.

Mun yi mamakin rashin Musulmin daular a duk darussan. A 1916 mutanen Asiya ta Tsakiya sun yi babban bore saboda dokar ɗibar su aikin ƙarfi a bayan fagen yaƙi, aka murƙushe su da jini. A Satumban 1920 rundunar Bolshebik ta ci Buhara, garin Imamu Buhari, sarkinta Alim Khan ya gudu, daga baya ya ƙare a Kabul. Ga mai saurare a garin da har gobe ake gaisuwa a ƙofar fadar Sultan, wannan sarauta ta biyu da ta faɗi ta fi kusa da zuciya, kuma ita za ta buɗe maganar abin da ya sami masallatai da makarantun allo a shekarun da suka biyo.

Darussan Habasha sun fi na Rasha zafi, wataƙila don abin ya fi kusa. Na 13 ya fara da ɗaliban jami'ar Addis Ababa da suka fito a 1965 suna cewa ƙasa ta mai nomanta ce, a ƙasar da ɗan haya a kudu kan ba mai gona rabin amfani ko fiye. Sai yunwar Wollo da fada ta yi ta ɓoyewa har wani ɗan jaridar Ingila ya nuna ta a talabijin a 1973. An kawo boren Negele na Janairun 1974 dalla-dalla: ƙananan sojoji a wani bariki na kudu, famfonsu ya lalace, hafsoshi suka hana su rijiyarsu, sai suka kama hafsoshin suka tsare. Mutumin Damagaram ba ya buƙatar a fassara masa abin da rashin ruwa ke sa mutum. A Fabrairu direbobin tasi suka yi yaji kan tsadar mai, malaman makaranta suka bi, firaminista Aklilu ya sauka. A Yuni aka kafa kwamitin sojoji, Derg, ya riƙa kama manyan fada ɗaya bayan ɗaya yana cewa yana tare da sarki, har ranar 12 ga Satumba da aka fito da tsohon, mai shekara 82, aka sa shi a ƴar ƙaramar Volkswagen.

Kuskuren na 8 ya sake leƙowa a nan. Malamin ya yi magana kamar Mengistu ne shugaba tun ranar farko, kuma kamar da tutar gurguzu aka shiga fada. Shugaban farko Janar Aman Andom ne, aka kashe shi a Nuwamban 1974, daren da aka harbe manyan tsohuwar gwamnati wajen 60. Tafari Benti ya gaje shi, Mengistu bai riƙe komai shi kaɗai ba sai Fabrairun 1977. Shelar gurguzu kuwa 20 ga Disamban 1974 aka yi ta, wata uku bayan tuɓe sarki. Dokar da ta mayar da ƙasar noma ta gwamnati, ta ƙayyade hekta 10 ga kowane gida, ta zo a Maris 1975, watan da aka soke sarautar baki ɗaya. Haile Selassie ya mutu a tsare a Agustan 1975. A na 14 saurayin ya tambaya ko juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974 irin wannan ne, tunda shekara ɗaya ce, fari ɗaya ne. Amsar malamin ta yi kyau: a Yamai shugaban jamhuriya aka kifar, ba sarki ba, ba a taɓa tsarin mallakar gona ba, ba a kuma rungumi gurguzu ba.

Da an ƙara darasi na 15 da ya zama na gida. Wannan ra'ayi ya ratsa ƙasar Hausa. A Kano an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano ya yi ta fama da masu sarauta a kan haraji da aikin tilas da ake ɗora wa talakawa. A nan kuma akwai Sawaba ta Djibo Bakary, ɗan ƙungiyar ƙwadago, wanda ya jagoranci gwamnati a 1957, ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. Damagaram tana cikin wuraren da ta fi ƙarfi, kuma akwai tsofaffi a Birni da Zango da suka ga zamanin da idonsu. Malamin da ke amfani da katin a aji zai iya tura yara su tambayo kakanninsu.

Ga mai shirin jarrabawa, kada ya ji fiye da darasi ɗaya a zama ɗaya, kuma littafinsa na Faransanci ya kasance a buɗe a gabansa, don katin ba ya ba da kalmomin da za a rubuta a takarda. Jerin kalmomin Hausa da Faransanci na shafi na 22 gajere ne, kalma 30 ne kawai, babu ma sunan gwamnatin riƙon ƙwarya a ciki. Sai a ƙara da hannu. Taswirar shafi na 12 ta sha fotokofi a kan fotokofi har layin dogo ya ɓace, alhali shi ake so a gani. A zana shi da jan bik: Mogilef a kudu, Petrograd a arewa, Pskof a gefen yamma inda jirgin sarki ya karkata. Malaman da ke da aji mai yawa su nemi ƙaramar lasifika mai caji, su tsallake na 6 da na 7 su yi bayaninsu da baki, su kuma tsayar da na 8 a minti na huɗu, inda aka ambaci zanga-zangar mata, su ba da kwanakin nan tara da kansu kafin su sake kunnawa.